Muryar Ƙanin Sufeto

"Cire min! Cire min wannan abin daga kunne!"

Kafin Auta ta kai hannu, mahaifinta ya riga ya fizge wayoyin da kansa, ya yi jifa da 'yar rakodar. Da a ce da ƙarfinsa na da ne, da ta tarwatse a bango. Yanzu kuwa iyakarta gefen katifa, ta gangara ta faɗa kan tulin zannuwan gado da ke jiran wanki.

Mai Dalma, maƙwabcinsu mai gyaran waya da rediyo, yana tsaye a bakin ƙofa, hannu a aljihu, godiya yake jira. Sai ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi a fuska.

"Baba, lafiya? Ai ta gyaru," in ji Auta. "Ga ta nan tana juyawa."

"Ta gyaru a gidan uban wa? Wane yaro ne wannan yake min tsiwa a kunne? Wa ya canja min kaset?"

"Ba wanda ya taɓa maka kaset," in ji Mai Dalma. "Naka ne, da ƙurarsa da komai. Rakodar ce dai yau ta fara aiki irin na mutunci."

Tsohon ya juyo da kai a kan matashi, da ƙyar, ya zuba masa jajayen idanu.

"Kai, Ɗan Hayaƙi, da kai nake? Wa ma ya ce ka tako min ɗaki? Auta, ke kika kai masa? Duk garin nan kin rasa wanda za ki ba sai wannan maɓarnacin?"

Tari ya sarƙe shi. Auta ta tallafo kansa, ta kai masa kofin ruwa, ya ture. Mai Dalma ya yi tsaki mai ƙarfi, don a ji, ya ce, "Laifina ne da na karɓa. Mutumin da bai san alheri ba ko yana kan gadon mutuwa, ai sai a ƙyale shi." Ya juya ya fita, ya bar musu labule yana lilo.

To, wanda bai san gidan ba zai ce Mai Dalma ya yi rashin imani. Amma ku tsaya ku ji. Gidan haya ne dogo, ɗakuna a jere, baranda guda, famfo guda, kuma bango ɗaya ne ya raba ɗakin Sufeto, mahaifin Auta, da na Mai Dalma. Tun ranar da Mai Dalma ya tare da matarsa da kwalayensa na matattun rediyo, ba sa ga maciji da juna. Sufeto ya yi aikin duba tikiti a jirgin ƙasa har ya yi ritaya, kuma ya ajiye aikin amma bai ajiye halin ba. Komai sai ya duba, komai sai ya sami laifinsa. Kullum da hantsi yakan fito da kujerarsa ta ƙarfe bakin ƙofar gida, 'yar rakodarsa a aljihun gaba, wayoyi a kunne. In ya hango wani ya nufo da waya a hannu, sai ya zare kunne ɗaya ya ce, "Wajen Ɗan Hayaƙi za ka? Wayar taka tana da sauran numfashi? To yi mata bankwana tun daga nan." Mutane nawa suka juya daga bakin ƙofar nan, Allah kaɗai ya sani.

Akwai ranar da ya janye kwalayen Mai Dalma daga baranda ya jere su a tsakar gida, wai sun tare hanya, ana cikin haka ruwa ya sauko ya jiƙa komai. Mai Dalma ya kwashe kayansa. Washegari sai ya ɗauko teburin aikinsa ya dasa shi daidai ƙarƙashin tagar tsohon, inda hayaƙin dalma zai riƙa shiga masa har kan gado. Daga nan gaisuwa ta mutu tsakaninsu. In sun haɗu a famfo, kowa sai ya kalli bokitinsa.

Da ciwon ƙirji ya kwantar da Sufeto, aka kai shi asibiti, aka dawo da shi, Auta ta baro gidan mijinta ta zo jinya. Ita ce ta zo wa Mai Dalma da rakodar a naɗe cikin hankici, tana magana ƙasa-ƙasa kada uban ya ji ta taga. Ta ce ta tsaya cak, kuma tunda ta tsaya Baba ba ya barci. "Don Allah, ka dai sa ta juya," in ji ta. Abin da ta ce ke nan, ba ƙari.

Ya karɓa yana shan ƙamshi, amma cikin ransa murna yake. Yau ga ranar da zai nuna wa tsohon nan wane ne maɓarnaci.

Da ya kwance bayan rakodar sai da ya yi dariya. Bel ɗin roba da ke ɗaukar juyi daga ɗan injin zuwa faifan ƙarfe ya saki, ya yi laƙwas kamar robar tsohon wando. Wurin batir duk tsatsa. Bakin ƙarfen da zaren kaset ke gogawa ya yi baƙi ƙirin da datti. Da sa ta juya kawai zai yi, aikin ɗan lokaci ne. Ina! Ya ture wayoyin mutane gefe, ya duƙufa. Ya wanke ko'ina da auduga da sifirit. Ya tono sabon bel daidai ita daga cikin tarkacensa, ya jefa tsohon a kwandon shara. Ya fitar da ruɓaɓɓen gidan batir gaba ɗaya, ya dasa batirin waya, ya huda gefen rakodar da zazzafar ƙusa, ya goge ramin da zarto har ya yi sumul, ya sa mata kafar caji. Ya canja kafar da ake soka wayoyin kunne, don tsohuwar sai an danne ta da yatsa take magana. Daga ƙarshe ya sa kaset ɗinsa na gwaji, mai sauti ɗaya tal, ya riƙa murɗa ɗan sukurun da ke bayan injin har gudun ya zauna daidai yadda masu ƙera ta suka nufa. Aiki ya yi kyau, wannan kam ko maƙiyi ya gani ya sani.

Kaset ɗin tsohon kuwa ko sau ɗaya bai saurara ba. Shi da zai sa kunnensa inda wannan mutumin ya sa nasa? Allah ya kiyaye. Mai da shi ciki kawai ya yi ya rufe.

Yanzu ga sakayyar da ya samu. Ya dawo teburinsa ya zauna yana huci, ya ɗauki wata waya ya kwance, ya rasa me ma yake nema a cikinta. Bai jima ba sai ga Auta a kansa, rakodar a hannunta, idanunta sun kumbura.

"Me ka yi mata?"

"Gyara na yi mata. Gyaran da ba ta taɓa gani ba tunda aka ƙera ta."

"Na saurara da kunnena. Wannan ba muryar Baba ƙarami ba ce."

"Wane ne kuma Baba ƙarami?"

Ta ja numfashi, kamar ba za ta faɗa ba, sannan ta faɗa. Ƙanin mahaifinta ne, su biyu kaɗai uwarsu ta haifa. Gajere ake ce masa. Wata rana yana saurayi ya zauna a ɗakinsu yana waƙa yana buga gwangwani, Baba ya ɗauke shi a kaset don wasa. Ba a daɗe ba zazzaɓi ya tafi da shi. Tun daga lokacin kaset ɗin nan yake aljihun Baba, cikin jirgi, cikin gida, ko'ina.

"Ni ban taɓa ganinsa ba," in ji ta. "Amma na san muryarsa. Tun ina yarinya Baba yake sa min a kunne. Murya ce mai kauri, mai nauyi. Kuma duk shekara ƙara nauyi take. Baba yakan yi dariya ya ce, 'Ji shi nan, shi ma girma ya fara kama shi.' Da Baba ya yi furfura ya ce Gajere ma ya yi. Bara har cewa ya yi, 'Wannan yaron ya fara jan magana irin tamu ta tsofaffi.' Yanzu ka dawo masa da wani ɗan saurayi mai siririyar murya yana gudu kamar ana korarsa."

Mai Dalma ya buga tebur har sukurori suka yi tsalle.

"Bel ne! Bel ne ya saki, yake jan kaset a hankali! Ba tsufa ba ne, baiwar Allah, roba ce! Muryar da ya ji yau, ita ce muryar ƙanin nasa ta gaskiya."

"Wa ya tambaye ka ta gaskiya? Ce maka na yi ka sa ta juya."

"To ni ba a kawo min abu in lalata."

"Ina tsohon bel ɗin?"

"Masu shara sun kwashe."

Ta tsaya tana kallonsa, kallon da ya fi zagi ciwo. "Likita ya ce mu kai shi gida mu yi ta addu'a, ka san abin da hakan yake nufi. Tun ɗazu ya juya wa bango fuska, ya ƙi ruwa, ya ƙi magani. Cewa yake an kashe masa ƙani sau biyu. Ka ji daɗi, ka rama." Ta dire rakodar a kan teburin ta tafi.

Matarsa tana bakin ƙofa tana tsintar shinkafa a faranti, duk a kunnenta aka yi. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Halinku ɗaya da shi, wallahi. Shi ba ya iya ganin abu bai kushe ba, kai ba ka iya ganin abu ba ka nuna ka fi kowa ba."

"Ke kuma wa ya sa da ke?"

"Ba don Allah ka yi gyaran nan ba, don ka ƙure shi ka yi. To ka ƙure shi. Sai ka zuba ruwa a ƙasa ka sha."

Ya ja wata rediyo ya hau kwancewa da ƙarfi, kamar ita ta yi masa laifi. Amma teburin nasa ai a ƙarƙashin tagar yake, shi ya kai shi can da hannunsa. Duk abin da ake yi a ɗakin yana ji. Yana jin Auta tana lallashi, yana jin cokali yana komawa cikin kofi ba a sha ba. Can kuma sai ya ji muryar tsohon, ba irin wadda yake zagi da ita ba, wata 'yar ƙarama: "Gajere. Kai Gajere, ina ka shiga?"

Haushi ya kama Mai Dalma, haushin tsohon, haushin kansa, haushin robar banza da ta ja masa wannan masifa. Ya kwana da abin a ransa. Da gari ya waye ya sa kaset ɗin ya saurara a karon farko. Yaro ne kuwa, murya garau, yana waƙa yana dariya a tsakiya, gwangwani yana ƙara. Ya murɗa sukurun baya, muryar ta yi ƙasa. Ya ƙara, ta ƙara. To amma ina za a tsaya? Shi bai taɓa jin yadda take da ba. Mutum ɗaya ne a duniya ya san wurin da kyau, kuma yana bayan bangon nan yana tsine masa.

Da rana ta karkata ya ɗauki rakodar, bayanta a buɗe, da siririyar sukundirebarsa, ya yi sallama a ƙofar Sufeto. Auta ta ɗaga labule, ta dube shi, ta dubi hannunsa, ta matsa.

Ɗakin yana warin magani da man zafi. Kwalabe sun cika bakin taga, fanka tana juyawa a kasalance, tsohuwar hular aikin jirgi tana rataye a ƙusa. Sufeto ya ƙara zubewa a kwana ɗaya, wuyansa duk jijiya. Amma da ya buɗe ido ya ga wanda ya shigo, bakin nan bai mutu ba.

"Ka zo ka ƙarasa ni?"

"Na zo in lalata aikina, tunda lalatacce kake so. Auta, sa masa a kunne."

"Kada ki sa min."

"Sa masa. In ya so ya zage ni yana ji."

Ta sa masa. Mai Dalma ya jawo kujerar ƙarfen nan da aka daɗe ana korar masa mutane a kanta, ya zauna dab da gadon, ya danna maɓalli. Ya soka sukundireba a bayan injin.

"Zan riƙa rage gudu. In na zo wurin ka yi magana."

Tsohon ya runtse ido, fuska a murtuke. "Yaro ne har yanzu. Ƙasa."

Ya murɗa.

"Ƙasa, na ce. Kurma ne kai?"

Ya murɗa.

"Kai, jaki! Ka wuce! Ka mai da min ƙani saniya!"

"To ai sai ka yi magana da wuri, ba sai na wuce ba!"

"Koma. A hankali. Hannu kamar na mai faskare, wai shi mai gyara."

Mai Dalma ya cije leɓe. Sau biyu yana jin kamar ya ajiye ya tashi. Ya dawo da sukurun kaɗan, kaɗan, abin da ido ma ba zai gani ba. Gumi ya tsattsafo masa a goshi. Auta tana tsaye a ƙarshen gadon ta rungume hannu, ba ta ko motsi.

"Tsaya," in ji tsohon.

Ya tsaya. Ɗakin ya yi tsit, sai fanka da numfashin da ke fita da ƙyar. Sufeto ya daɗe yana saurare. Sai ya girgiza kai a kan matashin, hawaye ya gangaro ta gefen ido ya shige kunne.

"Kaurin ya yi. Amma ba shi ba ne. Wannan lafiyayye ne. Gajere muryarsa rawa take. Tsoho ne fa, ya gaji. Ka kawo min wani ƙato mai ƙoshin lafiya."

Mai Dalma ya gane nan take, ya kuma ji ransa ya ɓaci. Tsohon bel ba jan kaset kawai yake a hankali ba, santsi yake yana kamawa, shi ya sa muryar take karkarwa. Sabon bel kuwa ya kama gam, ba sukurun da zai sa shi santsi.

"Wannan ba ya gyaruwa," ya ce.

"Dama na sani. Me ka taɓa iyawa?"

Wallahi da lafiyarsa ƙalau ya faɗi wannan maganar, da sai an raba su. Mai Dalma ya ajiye sukundireba a kan katifa. Ya tallafi rakodar a tsaye da hannun hagu, ya dubi faifan ƙarfen da ke juyawa a bayanta. Abin da yake hana masu koyo yi, abin da ko a mafarki ba ya yi wa kayan mutane, shi ya yi. Ya ɗora kan yatsansa a gefen faifan, ya ɗan danna, ya ɗan saki, ya ɗan danna.

"Ka yi yawa," in ji tsohon. "Ba maye ya yi ba."

Ya sassauta.

"Haka. A'a, kaɗan ƙara. Haka."

Yatsan ya sami wurin. Dannawa kaɗan, saki kaɗan, kamar mai jin bugun jijiya. Fuskar Sufeto ta fara warwarewa, goshin nan da kullum yake a tattare ya baje. Leɓunansa suka soma motsi suna bin waƙar.

"Ga shi nan," ya ce. "Ja'iri. Ina ka tafi?" Ya buɗe ido ɗaya ya harari Mai Dalma. "Kada ka ɗaga wannan ƙazamin yatsan naka."

"Ba zan ɗaga ba. Yi shiru ka ji abinka."

"Kai za ka gaya min in yi shiru a ɗakina?"

Tsohon ya mai da idon ya rufe. Auta ta kawo cokalin ruwa, ya karɓa ya haɗiye, ta ƙara masa wani. Ta zauna a bakin gadon ta riƙe hannunsa. Rana ta sauko ta tagar ta kwanta a kan bargon. A waje wani ya zo yana ƙwala sallama yana neman mai gyara, matar Mai Dalma ta ce masa ya dawo gobe.

Hannun hagun ya fara sanyi, kafaɗa ta ƙage. Gefen faifan ya ɗumama, yana cin fatar yatsan a hankali. Mai Dalma bai kalli tsohon ba, idonsa yana kan faifan, don in ya kauce kaɗan muryar za ta miƙe. Saboda haka bai ga lokacin ba. Ji kawai ya yi ɗakin ya rage sauti ɗaya, sannan ya ji Auta ta yi salati ƙasa-ƙasa, ta sake yi, muryarta ta karye.

Ta miƙa hannu ta shafe idanun mahaifinta. Ta kai yatsu za ta zare wayoyin daga kunnensa.

"Bari," in ji Mai Dalma, bai ɗago ba. "Bai ƙare ba."

Ta janye hannunta. Ta zauna tana kuka marar sauti, shi kuma yana dannawa kaɗan, yana saki kaɗan. Daga kunnen tsohon wata murya mai kauri tana fitowa can ƙasa, tana rawa, gwangwani yana biye da ita a gajiye, da sauran zare mai yawa a kaset ɗin.